Adashi da dogara ga Allah ba sa karo

'Yar'uwa, kin tambaya ko shiga adashi rashin bangaskiya ne, tunda Yesu ya ce kada mu damu da gobe. A ganina, sam ba haka ba ne.

Ki sake duba Matiyu 6:25-34. Abin da Ubangiji ya hana shi ne alhini, irin wanda ke hana mutum barci saboda kuɗin makaranta ko kwanon masara. Tsuntsayen da ya nuna ba sa shuka, ba su da rumbu, amma da sassafe suke fita kiwo.

Na san wasu za su kawo maganar manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16, inda wanda ya ajiye har safiya ta yi masa tsutsotsi ta yi wari. Gaskiya ne, amma can umarni suka karya. Allahn nan ne kuma ya sa a tattara riɓi biyu a rana ta 6 saboda Asabar. Shi ne ya ba Yusufu hikimar tara hatsi shekara 7 a Masar, har gidan Yakubu ya tsira daga yunwa.

Ni ma akwai daminar da gero ya ƙare mana tun kafin sabo ya nuna. Mun yi addu'a da hawaye. Amsar ta zo ta hannun zumuntar mata, da kwasar adashina da ta faɗo a makon. Ban taɓa shakkar wanda ya aiko ba.

Ki ci gaba da zubinki, 'yar'uwa. In kin kwasa, ki tuna da gwauruwar da ke kusa da ke.