Amsar Gwaggo daga Dammam: Ya ake kiyaye ranar Ubangiji a nan?

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da kika kama aiki a Riyad kowace Lahadi a kan marasa lafiya take iske ki, ga wata abokiyar aiki tana ce miki Asabar ce ranar gaskiya, har kin fara tsoron ko kina karya doka ta huɗu cikin Dokoki Goma, wadda ta ce a kiyaye ranar hutu. Kwantar da hankalinki.

A nan Saudiyya makon aiki da Lahadi yake farawa. Da muka zo, Alhamis da Juma'a ne hutu, sai a 2013 Sarki Abdullah ya mayar da shi Juma'a da Asabar. Shi ya sa yawancin masu bi da ke nan suka riƙi Juma'a. Ba mu ne farau ba. Ikkilisiyar farko ma Lahadi ranar aiki ce a wurinsu, har zuwa shekara ta 321 da Sarki Kostantin ya sa ta zama ranar hutu a daular Rum. Kafin nan da asuba suke taruwa, ko da dare in an tashi aiki. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 20, ki ga Bulus yana wa'azi har tsakar dare, barci ya sace wani saurayi ya faɗo ta taga.

Ita mai Asabar kada ki ja da ita. Romawa sura 14 ta riga ta raba gardama: wani yana ɗaukaka rana ɗaya, wani duk ɗaya ne a wurinsa, kowa don Ubangiji yake yi.

Abin da ya hana ni barci a saƙon naki shi ne inda kika ce kina kulle ɗaki ki kalli sujadar cocinku na gida a YouTube, shi ke nan. Wannan bai isa ba, 'yata. Waya ba za ta lura kin rame ba, ba za ta tambaye ki dalilin shirunki ba. A gida, in kujerarki ta zauna ba kowa Lahadi biyu, 'yan Zumuntar Mata sun yi sallama a ƙofar uwarki. Wa zai yi miki haka a Riyad in ba wanda ya san fuskarki?

Mu nan a falo muke haɗuwa da safiyar Juma'a. Ana ture kujeru jikin bango, a shimfiɗa darduma, a shigo ɗaya-ɗaya, takalma ma ciki ake shigowa da su. Ba ganga, ba tafi. Waƙa ƙasa-ƙasa muke yi, kuma wanda ya saba da kiɗan tulu da kacau-kacau, ranar farko sai ya yi hawaye. Akwai 'yan Filifin, da mutanen Kerala ta Indiya, da Habashawa, kowa ya yi addu'a da harshensa. Kafin kiran sallar Juma'a mun rufe, don maƙwabta suna da hakki a kanmu. Sai a ci abinci tare. Ni tuwon samolina da miyar kuka nake kaiwa, tukunya ba ta dawowa da saura.

Ki yi hattara fa. Babu coci ko ɗaya a Saudiyya, doka kuma ta hana ibadar da ba ta Musulunci ba a fili, ta hana wa'azi. Hukuma ta sha cewa ba ta shiga ibadar mutum a cikin gidansa, duk da haka an taɓa kama mutane a taron gida. Kada ki sa hoto a Facebook, kada ki ba baƙo kwatance. In kin yi marmarin sujada da murya a sake, Bahrain na da majami'u a buɗe, daga nan gadar Sarki Fahad kawai ake hayewa, kilomita 25.

Sannan hutun ba naki kaɗai ba ne. Maimaitawar Shari'a sura 5 ta ce bawa da baiwa da baƙo su ma su huta. Akwai 'yan'uwa mata masu aikatau a gidaje da sukan yi wata ba su leƙa waje ba. Kira su ran Juma'a, ku karanta Zabura tare ko ta waya ce, in kuna tara baiko ku fara da su.

Batun jadawalin aiki kuwa, je ki sami shugabarku da ladabi. Riƙe wa abokan aikinki Musulmi lokacin buɗa-baki da ranakun Sallah, za ki ga sun riƙe miki safiyar Juma'a da murna. In hutunki ya zo ƙarshen wata, hau jirgin ƙasa ki taho Dammam, ki riƙo daddawa in kina da saura.