Amsar Baffa kan matoyar bulo

Ɗana, saƙonka ya iso, na gode. Ka ce kana so ka gina matoyar bulo a bayan gida, gwaggonka kuma ta ce ba a san gidanmu da haka ba, tun kakanni a fili muke gasa tukwane. Shi ne kake tambaya ko saɓa al'ada ne.

Gina abinka. Kakanka a rami yake gashi saboda a zamaninsa kara da kashin shanu kyauta ne, bayan girbi duk inda ka juya ga su. Yau je ka tambayi kuɗin dami ɗaya. Kuma tun da can akwai maginan da ke zagaye wurin gashinsu da gajeriyar katangar laka mai ƙofofin wuta a gindi. Taka ƙanwar wannan ce, tsayi kawai ta fi ta.

Kada ka taɓa bulon siminti, wuta na cinsa ya ruɓuɓɓushe. Nemi jan bulo, ko ka buga tubali da kanka, ka ɗaura da laka. Yi ta zagaye kamar rijiya, tsayi iya ƙirjinka, faɗi kamu huɗu, ka bar ƙofofi uku ko huɗu a ƙasa. Shimfiɗa tsingaro, ka kife manyan tukwane a kai, ƙanana su hau bisa, sannan ka rufe saman da wani tsingaron ko tsohon kwanon rufi, da 'yar kafar da hayaƙi zai bi.

Amma ka sani katanga ba ta hana ɗanyar tukunya fashewa. Wata shekara ana jibi kasuwar Sallah, gaggawa ta sa na loda tuluna da ba su gama shan iska ba. Wuta na kamawa muka fara jin tas! tas! kamar ana harbi. Kakanka bai ce uffan ba, tulu ɗaya ya ɗauko cikin waɗanda suka rage a inuwa ya manna mini a kunci. Sanyi ƙalau. Ya ce duk wanda ka ji haka da sauran ruwa a jikinsa. Don haka a inuwa za su fara bushewa, daga baya rana. Ranar gashi ka fara da hayaƙi kawai, wutar da hannu zai iya jurewa a bakin matoya, ka daɗe a haka kafin ka ƙara itace. Da yamma muke kunnawa, iskar hunturu ta kwanta, duhu kuma ya nuna maka lokacin da tukwanen suka yi jajur. Daga nan toshe ƙofofi da laka, je ka kwanta, sai safiya. Wadda ta gasu, in ka ƙwanƙwasa za ta amsa da ƙara, ɗanya kuwa murya a dushe.

Inda gwaggonka ke da gaskiya wajen riƙe gashin fili shi ne zancen randa, don ba ta son wuta mai tsanani. A 1951 wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya zo tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, ya kafa makarantar ginin tukwane. Can Ladi Kwali, wadda ke jikin naira 20, ta shiga a 1954. Matoyarsu takan haura digiri 1,200, kaya su fito kamar dutse, ruwa ba ya ratsa su. Sun yi kyau a kan teburi, ba musu. Sai dai randa da tsatsafar jikinta take sanyaya ruwa, tukunyar miya kuma da ɗan laushinta take jure harshen wuta a murhu. Matoya na riƙe zafi fiye da rami, in ka biye mata za ka wuce da su, ka fito da randar da ruwanta ke kwana da ɗumi.

Ka gaida gwaggon taka. Ce mata ta tara maka tsingaro, kuma ranar gashin farko ita za ta yi bisimilla ta jera tukwanen, hannunta ya fi naka sanin inda wuta ke bi.