Ɗana na fari ya fara bin 'yan daba

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari shekarunsa 14, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Kullum yana fita da kayan makaranta, ashe a majalisar wasu 'yan daba yake wuni. Na tsinci ƙwayar tiramol a aljihunsa, kuɗin cefane ma sun fara ɓacewa. Babansa duka kawai yake yi, yanzu ya ce gidan mari zai kai shi. Ni kuma kunyar ɗan fari ta hana ni zama da shi. Ina mafita?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya shirya mana shi.

Ki fara ajiye kunyar nan. Yaron da uwa ba ta hira da shi, uba kuma sai da bulala, a majalisa kaɗai ake sauraronsa, shi ya sa ya liƙe musu. Ki kira shi ɗaki bayan isha'i, ku biyu. Ki tambaye shi yaushe ya fara, guda nawa yake sha a rana, wa ke ba shi. Ban da kuka, ban da tsinuwa, don in ya tsorata ƙarya zai yi miki.

Batun gidan mari, ki nemi dattijon da maigida ke jin nauyinsa ya taka masa birki. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, in aka yanke masa lokaci guda, zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci ke biyo baya, wahalar ce ke mayar da shi shan ƙwayar. Yawan shanta kuma na jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Ku kai shi asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano likita ya duba shi, ya tsara yadda za a raba shi da ita.

Babansa ya je makarantar da ƙafarsa, ya ga malamin ajinsu, ya duba rajista, su karɓi lambar juna. Ke kuma ki miƙa masa littafinsa ya karanta miki shafi ɗaya. Yara da yawa na gudun aji ne don sun kai sakandare ba su iya karatu ba, ana yi musu dariya. In haka ne, a samo mai yi masa darasi a gida. Kuɗin tara kuwa a riƙa ba shi na yini ɗaya, bayan la'asar kuma a damƙa shi hannun tela ko kafintan da zai kira ku duk ranar da bai zo ba.