Me ya sa malaina ke zubar da ganye da hunturu, mangwaro kuwa bai zubar ba?

Tambaya: Malam, a gidanmu da ke Kubwa, Abuja, muna da malaina biyu da mangwaro ɗaya. Tun da hunturu ya kama, ganyen malainar ya koma rawaya yana ta zuba, alhali kullum ina sa yara su ba su ruwa, shi kuwa mangwaron yana nan kore shar. Maƙwabcinmu ya ce cuta ce, gwamma a sare su. Shin haka ne?

Amsa: Hajiya, kada ki bari a sa musu gatari. Abin da kika bayyana ɗabi'ar malaina ce, kuma haka take yi a ƙasashen Asiya inda aka samo ta, irin su Indiya.

Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, galibinsu a bayansa, kuma ta nan ne yake shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita idan rana ta haska shi. Matsalar ita ce, duk sa'ad da ƙofofin suka buɗe, ruwa yana fita ta cikinsu kamar tururi, har ma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotso ta wannan hanya yake tafiya. Ganye mai faɗi kuma marar kauri, irin na malaina, da damina riba ne, domin yana kama hasken rana da yawa, shi ya sa itacen ke saurin girma. Amma daga lokacin da ruwa ya ɗauke a Abuja wajen ƙarshen Oktoba, busasshiyar iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, sai wannan faɗin ya koma asara, domin ganyen yana zubar da ruwan da saiwa ba ta iya mayarwa. Sai itacen ya janye abincin da ke cikin ganyen zuwa rassa da gindi, wanda shi ne dalilin rawayar da kika gani, sannan ya toshe mahaɗar ganyen da reshe, ya sake shi ya faɗi. Bokiti ɗaya ko biyu da yara ke zubawa a gindi ba zai sauya wannan ba, domin saiwoyin babban itace sun bazu nesa da inda ake zubawa, kuma bushewar iskar ma kanta tana cikin abin da itacen ke ji.

Mangwaro wata dabara ya bi. Ganyensa yana da kauri da tauri, da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, saiwarsa kuma tana nutsawa ƙasa sosai, don haka yakan sauya ganye kaɗan-kaɗan ba tare da ya tuɓe gaba ɗaya ba, har ma a tsakiyar hunturun yake yin fure. Kuka da rimi suna bin hanyar malaina. Tumfafiya kuwa, duk da faɗin ganyenta, tana zama kore a busasshen fili saboda kaurinsa da farin garin da ya lulluɓe shi, wanda ke nuna cewa faɗi kaɗai ba ya yanke hukunci. Gawo ma, kamar yadda manoma suka sani, ya saɓa wa kowa, da damina yake zubar da nasa.

Ga yadda za ki tabbatar da kanki. Ki kankare ɓawon wani ƙaramin reshe da farce ko wuƙa. Idan kika ga kore mai danshi a ƙarƙashi, kuma reshen yana lanƙwasawa bai karye ba, itacen lafiyarsa ƙalau, kuma tsakanin Fabrairu da Afrilu za ki ga fure mai ruwan ɗorawa da sabon toho, sau da yawa tun kafin ruwan farko ya sauka. Abin da zai sa a damu shi ne zubar ganye a tsakiyar damina, ko bushewar ɓangare ɗaya na itacen, ko ɓawo yana ɓarewa da gara a ciki.

A ganina, abin da ya fi cutar da itatuwa a gidajen Abuja shi ne intalok da siminti da ake shimfiɗawa har jikin gindi, wanda ke hana ruwa da iska isa ga saiwa. A bar musu fili aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe. Ganyen da ya zuba kuma kada a ƙone shi a gindinsu kamar yadda aka saba, domin wuta tana ƙona ɓawo ta buɗe wa gara ƙofa. A tara shi a gindin, ba tare da ya manne da jikin itacen ba, zai riƙe danshi sannan ya ruɓe ya zama taki. Ruwan da ake wahalar nema a Kubwa da rani gwamma a ba ayaba da gwanda da dashen da bai shekara biyu ba, domin su saiwarsu ba ta yi zurfi ba.

Idan kuma inuwa kike so a lokacin zafin Maris, to malaina ba za ta ba ki ita yadda kike so ba. Ki ƙara mangwaro ko dogon yaro ko maɗaci, a dasa su a farkon damina, nesa da katanga. Gamji da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, amma ba na ba da shawarar sa su a ƙaramin gida, domin saiwarsu tana bin danshi har ta fasa sokawe da bututun ruwa.