Sitiyari da Birki: Motar da Inshora Ta Sallama a Amurka

Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a Kumo. Na ɗauki adashi na haɗa da kuɗin wakena, ina son sayen Corolla ta 2013, Beljiyam, a hannun wani dillali a cikin Gombe. Ya rantse mini ko bango ba ta taɓa goga ba. Ƙanena da ke jami'ar Kashere ya saka lambar shasinta a intanet, sai ga shi an rubuta mata "salbej". Dillalin ya ce ai duk motar Amurka haka ake rubuta mata. Ya kuma nuna mini wata mai takardar "ribil", wai ita gwamnatin can ce ta tantance ta. In saya ko in gudu?
Malamin makaranta, Kumo

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa kuɗin waken albarka, ya kuma yi wa ƙanen nan naka albarka, don ya yi maka aikin da bakanike ma ba kowane ke yi ba.

Dillalinka ya faɗi rabin gaskiya ya haɗiye rabi. Motocin Amurka da yawa da ake sauke mana a tashoshin jirgin ruwa na Tinkan (Legas) da Kwatano daga gwanjo aka kwaso su, wurin kamfanoni irin su Copart da IAA, inda masu inshora ke sayar da motocin da suka biya diyyarsu. Amma ba a liƙa wa mota wannan suna na salbej haka siddan. Sai wani abu ya same ta, kamfanin inshora ya buga lissafi ya ga gara ya biya mai ita kuɗinta ya karɓe ta da ya gyara. Kowace jiha da nata ma'auni. Jihohi da dama, ciki har da New York, sun tsaya a kan kashi 75 cikin ɗari na darajar motar, Texas kuwa sai gyaran ya wuce kuɗin motar baki ɗaya. Saboda haka rantsuwar da ya yi maka, ka bar shi da Allah.

Sai dai kada ka tsorata tukuna. A can kuɗin aikin hannu tsada gare shi. Ɗauki motar da darajarta dala 6,000 ce: bamba, fitila, bonet, lagireto, da jakar iska guda biyu da suka fashe, nan da nan lissafi ya kai 4,500, shi ke nan an sallama ta, alhali injinta da giyarta ko kwarzane babu. Akwai wadda ƙanƙarar sama ce ta lotsa mata rufi, akwai wadda sace ta aka yi aka gano bayan an riga an biya mai ita. Irin waɗannan ni kaina zan hau, in ɗauki iyalina. Abin tambaya a nan shi ne me ya same ta, kuma wa ya gyara.

Amsar tana cikin lambar shasin nan mai haruffa da alƙaluma 17. Ka karanta ta da idonka a gindin gilashin gaba ta wajen direba, ka gwada da wadda ke manne a jikin ƙofar direba da wadda ke takardar kwastam. Harafi na goma shi ne shekara, kuma 2013 harafinta D ne. Idan ka ga A, to ta 2010 ce aka sauya mata fitilu da bamba aka yi mata kwalliyar amarya. Daga nan ƙanenka ya nemo hotunan ranar gwanjo, galibi suna nan a intanet, ya kuma sayi rahoton tarihin motar a wurin Carfax ko AutoCheck. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan ka auna da miliyoyin da za ka zube. Ba a cinikin biri a sama.

Abu biyu ne idan ka gan su a hoton ka nemi takalminka. Na farko dukan da ya shiga har shasi, ko ya naɗe ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi. Masu gyaran bodi za su ja shi da sarƙa, su gasa da wuta, su shafe da foti, fenti ya hau ta yi ƙyalli kamar ba ita ba. Amma ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe ba ya koma wa ƙarfinsa. Za ka gane ta a hanya: tana janye sitiyari gefe guda, tana cin taya ta ciki, a yi mata alaimen yau gobe ta koma. A kan titin Kumo zuwa Gombe, tsakanin tireloli, wannan ba abin wasa ba ne.

Na biyu, kuma shi na fi tsoro, ruwa. Duk lokacin da guguwa ta yi ɓarna a can, kamar Katrina a 2005, ko Harvey da ta nutsar da Houston a 2017, ko Ian a Florida a 2022, dubban motoci ne ke kwana a cikin ruwa, sannan su cika filayen gwanjo. Jikinsu sumul, ba lotsa ko ɗaya, shi ya sa suke ruɗar mutane. An taɓa kawo mini wata Camry gareji, mai ita na kuka da cewa gilasanta na sauka da kansu, hon kuma ya kama ihu cikin dare har maƙwabta sun fara maganar aljanu. Na ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, sai ga busasshen laka mai laushi kamar garin tuwo ya cika lungun. Na zare wata soket, haƙoranta sun yi kore shar. Ruwan gishiri ne, yana cin waya a hankali, kuma ba a gama gyaransa: ka kashe matsalar birki, ta giya ta tashi. Don haka ka ɗaga kafet, ka leƙa ramin safaya, ka duba kusoshin kujeru ko sun yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen ruwa a jikinsa. Idan motar na tashin turare fiye da kima, ka rufe gilasai ka bar ta a rana minti goma, sannan ka shiga ka shaƙa.

Kar ka manta da jakar iska. Idan ka murɗa makulli, fitilarta za ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ko an toshe ta. Wasu sukan rufe sitiyari da sabon murfi, ciki wayam.

Ita kuwa ribil, salbej ce da aka gyara a can, jami'in jiha ya duba ya yarda ta koma titi. Kada ka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, don a jihohi da yawa abin da suka fi dubawa shi ne rasit, su tabbatar ba kayan sata aka ɗaura mata ba. Ingancin walda ba ya gabansu sosai. A can ma ba ta kai kuɗin 'yar uwarta da ba ta taɓa faɗuwa ba, to don me za ta kai a Gombe? Har mai takarda tsaf ba ta tsira ba, domin akwai masu kai mota wata jiha a sake mata takarda a wanke tabon. Da zarar ta shigo nan aka yi mata lamba kuwa, takardunmu ba sa faɗin ko ɗaya cikin waɗannan.

Shawarata, ka je da bakanikenka, ban da wanda dillalin zai kira maka. A ɗora ta a kan rami a duba ƙasanta, a jona mata kwamfuta, ka tuƙa ta har Kwadon ka dawo. Idan hoton gwanjon ya nuna bugun gaba ne mara zurfi, jakunkunan iska na nan, ba alamar ruwa, ka buɗe wayar ƙanenka a gaban dillalin ka taya ƙasa sosai. In kuma ya hana ka ɗaukar lambar shasin ɗaya motar mai ribil, ka yi masa sallama ka shiga gidan motoci na gaba.