Amsa ga mai tambaya kan bindigar kakansa mai hatimin St Etienne

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Na ga hotunan da ka saka tare da tambayarka: bindiga mai baki biyu, ɗaya gefen ɗaya, da ka gada a Damagaram. A samanta akwai wani suna da ka yi ta nema ba ka samu labarinsa ba, a ƙarƙashi kuma an buga St Etienne, da PT, da 65, da 17.0, da wata alama da ka ce ta yi maka kama da ganye. Kana son sanin wanda ya ƙera ta, da shekarunta, da darajarta, da kuma ko za ta ci harsashin da ake sayarwa yanzu.

Sunan nan na sama, ka rabu da shi. Na daɗe ina duba wa mafarauta da magada irin waɗannan bindigogi, kuma mafi yawan 'yan Faransa da suka biyo ta hannuna, sunan da ke tsakanin bututun nan biyu na mai shagon da ya sayar ne, ba na wanda ya ƙera ba. Garin Saint-Étienne shi ne cibiyar ƙirar bindiga a Faransa, kuma a zamanin da aka yi irin taka aikin a rarrabe yake a ƙananan maƙeru. Wani bututu kaɗai yake yi, wani ya haɗa uwar ƙarfen da kunamu ke ciki, wani ya fafe katako, wani ya yi zane. Kamar babbar riga ce, masaƙi daban, marini daban, mai aikin wuya daban, amma sunan ɗan kasuwar da aka saya a wurinsa ake kira. Mai shago a wani ƙaramin gari sai ya yi odar guda goma ko ashirin, a buga masa sunansa a kai. Shagon ya rufe tun kafin a haife mu, ina za ka same shi a intanet?

Labarin gaskiya yana ƙarƙashin bututu, kuma ka riga ka kai wurin tunda ka karanto lambobin. Ga wanda bai taɓa yi ba: ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka cire katakon gaba, ka karya bindigar, bututun za su fito a hannunka. Shafaffen wurin nan da ke zama a kan uwar ƙarfe shi za ka goge da tsumma mai ɗan mai. In rubutun ya dushe, ka goga alli a kai ka share da yatsa, farin zai zauna a cikin ramukan, komai ya fito.

Abin da ka ce ya yi maka kama da ganye, zarbar dabino ce guda biyu a gicciye da kambi a sama. Hatimin gidan gwajin bindigogi na Saint-Étienne ke nan, wanda aka kafa tun 1782, inda ake ɗura wa bututu albarushi fiye da kima a harba, in bai fashe ba a buga masa hatimi. In ka ga hatimin sau biyu ko sau uku a jere, gwajin da aka yi ya fi na yau da kullum tsanani, kuma masu shaguna suna tallar haka. PT mai kambi yana nufin an gwada ta da albarushi marar hayaƙi samfurin T, wanda ya shigo a 1900. Da PJ ko PS ko PM ka gani, wato alamun samfuran albarushin da suka riga T, da na ce ta iya girmar haka. Lambar 17.0 faɗin cikin bututu ne da milimita, wato bindigarka lamba 16 ce. Lamba 12 za ka ga wajen 18.4. Ita kuwa 65 tsawon mazaunin harsashi ne. Kafin wajen 1912 da santimita suke rubutawa, sai ka ga 6.5, daga baya suka koma milimita. To taka ba ta girmi 1912 ba. Mazauni mai 70 kuma bayan yaƙin duniya na biyu ya yawaita, don haka ni a wurina tsakanin yaƙoƙin nan biyu aka yi ta, ko jim kaɗan bayan na biyun. Wanda ya ce zai faɗa maka shekarar daidai daga waɗannan alamomi kawai, cika baki yake, don gidan gwajin bai saba buga shekara a irin waɗannan ba.

Ka ƙara dubawa ko akwai wani suna a gindin bututun, irin su Jean Breuil, Didier-Drevet, Heurtier ko Ronchard-Cizeron. Waɗannan maƙeran bututu ne, kuma ganin sunansu alheri ne, don mai odar bai yi rowa wajen ƙarfe ba. A kan hannun buɗewa na sama kuma sau da yawa akan ga kalmar Hélice. Asalin wannan tsarin kulle na Verney-Carron ne, gidan da aka kafa a 1820, amma wasu maƙera da yawa sun kwaikwaya sun buga kalmar, saboda haka ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Ga sauran 'yan'uwa masu karatu: in kun ga haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, ko da rubutun duk Faransanci ne, har da sunan wani shago na Paris, a Liège ta Beljiyam aka gwada ta.

Akwai gidaje biyu da ba sa ɓuya, kuma na duba hotunanka da su a rai.

Na farko Manufrance, wadda Étienne Mimard da Pierre Blachon suka kafa a 1885. Su ne masu katafaren kundin kaya da ake oda ta gidan waya, daga bindiga har keke da keken ɗinki, kuma kundin ya kai har ƙasashen da Faransa ta mallaka. Shi ya sa a Nijar da maƙwabtanta masu Faransanci ba a rasa Simplex mai baki ɗaya a hannun tsofaffin maharba. Mai baki biyunsu ta talaka ita ce Robust, ta fito a 1913, an yi ta dubu ɗaruruwa, kuma sunanta yana rubuce ɓaro-ɓaro da lambar samfuri kamar 222. Ba ta da ado sosai, amma tana shan wuya ba ta gaji ba. Ta manya ita ce Idéal, tun 1887, daga cikin na farkon da suka ɓoye gudumar harbi a ciki. Ba ta da hannun buɗewa a sama. Yana ƙasa, bayan kunamu, ka matse shi da yatsu sai bindigar ta karye, a lokaci guda ta ɗana kanta. Da yawansu suna da maratayi da ke naɗe a cikin ƙota: ka jawo bakinsa daga ƙasa, fatar ta warware, ka maƙala a jikin bututu, in ka sake ta ta koma ciki da kanta. Wanda ya fara gani sai ya yi ta ja yana saki yana dariya. Kamfanin ya durƙushe a 1980, ma'aikata suka ɗan riƙe shi zuwa 1985.

Na biyu Darne, gidan Régis Darne na 1881, kuma ita ce bindigar da na fi so a duk abin da garin nan ya fitar. Ba ta karyewa sam. Bututun a kafe suke. A bayansu akwai wani hannu mai kunnuwa biyu, ka kama da babban yatsa da manuni ka ɗaga, sai dunƙulen ƙarfen baya ya zame ya yo wajenka a kan layinsa, ya jawo kwanson harsashi, ka ɗan karkata ta su zube. Ka zura sababbi, ka tura, ka ji ƙas, ta kulle. Mai manyan kunnuwa ita ce samfurin R, mai ƙanana samfurin V, wadda ta fi tsada. A ƙarƙashin bututu akwai ƙananan hatimai zagayayyu da ke nuna matsayi: a samfurin R, galibi ka ƙirga su ka ƙara goma, biyu R12 ke nan. Halifax kuma ita ce mai rahusar gidan. Ba duk mai zamewa ce Darne ba, akwai Charlin, akwai ta Francisque Darne, ɗan Régis, da ya buɗe nasa gidan. An taɓa kawo mini wata da wani mai gyara ya yi ta dannawa a gwiwa wai sai ta karye, har ya tsaga katakon. In irinta ta faɗo hannun wani a cikinku, kada a sa mata ƙarfi, hanyar cire bututunta daban ce.

Taka ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ce. Tana da hannu a sama, babu sunan Manufrance, don haka 'yar ƙananan maƙerun nan ce. Kada wannan ya sa ka raina ta. Ka ɗauke ta ka ji. Yawancin lamba 16 na Faransa ba su kai kilo uku ba, don an yi su ne wa mutumin da zai wuni yana taka gonaki da karensa yana neman makwarwa da zomo, shi ya sa kusan dukkansu suna da zoben maratayi, abin da ba kasafai ake gani a na Ingila ba. Ka ɗora ta a kan yatsa biyu daidai inda take karyewa, mai kyau nan nauyinta yake tsayawa. Ka kai ta kafaɗa ido a rufe, ka buɗe, ka ga ko tana kallon inda kake kallo. Ka bi da farce inda katako ya haɗu da ƙarfe, aikin gwani farce ba ya samun wurin shiga. Zanen furannin kuma ka sa masa madubin ƙara girma: na hannu layukansa ba sa zama daidai wa daida, wani ya fi wani zurfi.

Wani abu da ke tsorata mutane: siririn layi da ya zagaye bututu kamar tsawon yatsa daga gindi, wani lokaci an rufe shi da ɗan zane. A bindigar Ingila wannan alama ce ta an yanke tsofaffin bututu an dasa sababbi. A ta Faransa kuwa sau da yawa haka aka ƙera ta tun farko, bututun biyu an cusa su cikin dunƙulen ƙarfe ɗaya. Robust ma haka take.

Batun kuɗi, kada ka sa rai. Wanda ya ce maka za ta sayi gida bai san kasuwar ba. Irin taka, marar sanannen suna, lamba 16 mai mazauni 65, sun yi yawa a Faransa har ba su da wani farashi. Masu tsada su ne manyan samfuran Idéal da Darne, da aikin Georges Granger, da na tsofaffin gidajen Paris irin su Gastinne Renette da Fauré Le Page, su ma in suna da lafiya kuma ba a taɓa su ba.

Yanzu harsashi, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Tsawon da ake rubutawa a jikin harsashi, na kwanson ne bayan an harba bakinsa ya buɗe. Saboda haka mai 70 zai shiga mazaunin 65 lafiya lau, bindigar ta rufe, ka ɗauka daidai ne. Sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, ya matse hanya, ƙarfin ya ƙaru a kan ƙarfen da ya kusa shekara ɗari, ga shi harsashin yanzu dama ya fi na da zafi. Ni ba na sa wa irinta sai mai 65 ko 67, mai 'ya'yan dalma. Mai 76 ko mai 'ya'yan ƙarfe kuwa, kada ka sa mata ko kusa. Na san lamba 16 tana da wuyar samu a wajenmu, lamba 12 ce ta cika ko'ina, kuma za ka samu mai ce maka ya iya ƙwaƙule ta ta ci 12. Kada ka yarda. Naman bututun nan dama siriri ne, shi ya sa take da sauƙin ɗauka. In kuma jikin bututu yana da zane mai murɗe-murɗe a cikin ƙarfen kansa, tsohon ƙarfen naɗi ne, a bar shi a bango.

Kafin ma a yi zancen harbi, ka rataye bututun da zare ka ƙwanƙwasa da bayan farce. Lafiyayyu za su yi amo mai tsawo. In ka ji sautin ya mutu nan take, dalmar da ta riƙe su ta saki a wani wuri. Ka leƙa ciki ta wajen haske ka nemi ramukan tsatsa, ka shafa waje ka ji ko akwai kumburi ko lotsawa. Ka mayar da su ba tare da katakon gaba ba, ka riƙe ƙota ka girgiza, in ka ji motsi ta saki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya gani.

A hoto na uku na ga katakon ya yi baƙi inda ya haɗu da ƙarfe. Baƙin mai ne na inji, an yi ta zuba mata ana jingine ta a tsaye, yana gangarowa yana jiƙa katako har ya yi laushi. Ga hunturunmu da ke busar da ice ya tsage, ga gara. Ka goge ƙarfen da mai kaɗan, ka riƙa ajiye ta baki a ƙasa, nesa da bangon ƙasa da rana. Don Allah kada ka sa mata sanfefa ko fenti ko banish. Dusashen launin nan nata ne, in ka kankare shi ka kankare hatiman da muke karantawa.

Sai takarda. Izinin kaka ba ya bin gado, a Nijar ko a Najeriya, kuma a halin tsaron da ake ciki ba abin wasa ba ne a same ka da ita ba rajista. Ka nemi tsohuwar takardarsa in tana nan, ka je wurin hukuma tun kafin ka fita da ita ko ƙofar gida. Tsohuwar takardar ma za ta iya nuna shekarar da ya saye ta.

In ka samu hali, ka sake ɗauko mana ƙarƙashin bututun bayan ka goga alli, da fuskar uwar ƙarfen inda suke zama, da rana ba da fitila ba. Akwai wasu haruffa biyu kusa da ƙugiyar da ban iya karantawa ba a hoton farko, mai yiwuwa na maƙerin bututun ne.