Tsirkiyar jita: wacce zan saro?

Wani mai shago kusa da Terminus a Jos ya aiko da tambaya: "Lasifika da makirfo nake sayarwa, amma kusan kullum sai wani matashi ya leƙo yana neman wayar jita, ni kuwa ban san kanta ba. Ina da naira dubu 200. Wacce zan saro?"

Malam, Allah ya buɗa kasuwa. Kafin ka kira dillalinka na kasuwar Alaba ta Legas, ka yi mako biyu kana tambayar duk wanda ya leƙo: wace irin jita gare ka, a ina kake kaɗa ta? Ka rubuta a littafin shago. Ina kyautata zaton za ka ga yawancinsu 'yan kiɗan coci ne, tunda hedikwatar manyan ɗarikun Kirista biyu, COCIN da ECWA, duk a Jos suke, sai ɗaliban jami'a da masu koyo.

Dalilin tambayar shi ne tsirkiya ba iri ɗaya ba ce. Jitar da ake jonawa da lasifika tana son ta ƙarfe mai rufin nikel, domin maganaɗisun da ke jikinta ne ke ɗaukar sautin. Jitar katako mai rami tana son ta ƙarfe mai naɗin tagulla. Akwai kuma wadda aka ƙera don tsirkiyar nailan kaɗai, kuma nan ne 'yan kasuwa ke jawo wa kansu rigima. Ta ƙarfe tana jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai kilo 70, kusan ninki biyu na nailan. Ka ɗaura ta a jitar nailan, wuya ya lanƙwashe, ko katakon da ake ɗaure tsirkiyar ya ɓalle, sai ga mai jita a bakin shagonka yana kumfar baki. Saboda haka in mutum bai san irin tasa ba, ya kawo ta, ko ya nuna maka hotonta a waya.

Sai kauri. Lambar da ke jikin kwali, kamar 9-42 ko 10-46, kaurin ta farko, mafi siranta, da ta shida, mafi kauri, ke nan. Siririya ba ta cin yatsa, ita ta dace da mai koyo da mai yawan jan tsirkiya yana lanƙwasa sauti, sai dai saurin tsinkewa. Mai bugu da ƙarfi a jitar katako kuwa 12-53 zai nema, don amonta ya fi cika ɗaki.

Da ni ne, fiye da rabin kuɗin zan sa a 9-42 da 10-46 na jitar lasifika da ta jitar katako, masu araha irin na kamfanin Alice, in haɗa da kwali kaɗan na D'Addario ko Ernie Ball don ƙwararru. Ta kamfanin Elixir mai rufi na musamman tana daɗewa ba ta yi tsatsa ba, amma tsadarta za ta kwantar maka da jari. Sai wanda ya ba da kafin alƙalami. Ita kuwa ta jitar bes, mai babbar murya da tsirkiya 4: ba a cika canza ta ba, saiti biyu sun isa. Jabu kuma ta yi yawa a manyan sunayen nan. In aka yi maka tayin D'Addario a farashin Alice, ka bar musu kayansu.

Ribar da ba a lura da ita tana cikin ƙwaya-ƙwaya. Ta farko, mafi siranta, ita ta fi tsinkewa, kuma wanda tasa ta tsinke ranar Asabar da yamma alhali gobe akwai sujada ba zai tsaya dogon ciniki ba. Ka ajiye ta da yawa, kada ka rufe da wuri ranar Asabar, yaron shagonka kuma ya koyi ɗaurawa da saitawa, ka karɓi ladan aiki.

Kada ka buɗe leda don a gani. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, laima na taɓa ƙarfen sai tsatsa. Ka zuba su a robar da ke rufuwa ruf, ka ɗora a kanta nesa da bango.